Mu mazauna Abuja, wa ke mulkinmu, kuma mene ne sunan wannan tsari?

Ɗan_Karmo: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masanan wannan zaure. Mutumin Mararaba yana da gwamna a Lafiya, yana da ɗan majalisar jiha. Mutumin Madalla yana da nasa a Minna. Mu da muke tsakiya, daga Nyanya har Zuba, ba gwamna, ba majalisar jiha, sai minista wanda ba wanda ya dangwala masa ƙuri'a. To wai wane irin mulki ake yi mana? In dimokuraɗiyya ce, ina zaɓen? In sarauta ce, ina rawanin? Ni dai a ganina ministan Abuja kantoma ne, an dai ƙara masa girman suna. Wanda ya san kan abin ya warware mana.

Barista_Garki: Wa alaikumus salam. Malam, na gane inda ka dosa, amma a doka kantoma daban, minista daban. Sashe na 299 na tsarin mulkin 1999 ya ce a ɗauki Abuja tamkar jiha, sai dai ikon da gwamna yake da shi a jiha, a nan yana hannun shugaban ƙasa, ikon majalisar jiha kuma yana hannun Majalisar Tarayya. Sashe na 302 ya ba shugaban ƙasa dama ya naɗa minista ya riƙe masa. In takarda za a bi, gwamnanka shi ne shugaban ƙasa, kuma da kai aka yi zaɓensa. Kantoma kuwa shi ne wanda ake ɗaukowa a ɗora a kujerar da asalinta ta zaɓaɓɓe ce. Ka tuna Filato a 2004, da Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci ya dakatar da Dariye ya kawo Janar Chris Alli na wata shida. Haka aka yi a Ribas a 2025. Waɗannan su ne kantomomi. Kujerar ministan Abuja ba a taɓa zaɓenta ba balle a ce an ture wani.

Ɗan_Karmo: Barista, ai ka ƙara min ƙarfi. Su Filato wata shida suka yi aka mayar musu da gwamnansu. Mu namu ba ranar ƙarewa.

Direban_Mararaba: Kai kana kukan ba ka da gwamna. Ni ina da gwamna, ina da ɗan majalisar jiha, ina da ciyaman, ina da kansila, kuma cunkoson da kake kwana a ciki a gadar Nyanya shi nake kwana a ciki. In kana so mu yi musaya.

Ummu_Khalil: Barista, wato sanatan Sakkwato da na Bayelsa su ne suke zama su yi mana kasafin kuɗin Abuja?

Barista_Garki: Ƙwarai kuwa Hajiya. A cikin sanatoci 109 ɗaya ne namu, a cikin 'yan majalisar wakilai 360 biyu ne namu. Kowace jiha sanata uku gare ta. A nan ne maganar Ɗan_Karmo take da nauyi, ba a kan sunan minista ba.

Dattijo_Suleja: Yara, ku bari in sa baki, tunda sunan garinmu kuka ara kuke ta wannan musu. Abuja ta asali ita ce Suleja ta yau. Da masu jihadi suka ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya fito da jama'arsa ya yo kudu ya sauka wajen Zuba. Bayan rasuwarsa ƙanensa Abubakar, wanda ake ce wa Abu Ja, ya kafa gari a 1828, aka riƙa ce masa Abuja. Da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar sabon babban birni a 1976, sai aka ɗauki sunan, garinmu ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Abin da nake so ku lura da shi, har yau sarkinmu Sarkin Zazzau ake ce masa a fada. Zazzau tana can, sarautar tana nan. Ba mu kaɗai ba ne: akwai Sarkin Katsina a Maraɗi, akwai Sarkin Gobir a Tsibiri. Mutanen da sun ɗauka sarauta tana jikin jama'a ne, in sun tashi ta tashi da su. Ku kuma yanzu kuna auna mulki da layin taswira, wai Madalla da gwamna, Zuba ba gwamna, alhali a kasuwa ɗaya suke cefane.

Bazazzagi_Na_Gaske: Baba, Allah ya ƙara girma, amma Sarkin Zazzau ɗaya muka sani, yana Zariya, ƙofar fada tana kallon masallaci.

Bakano_Dei_Dei: Zagezagi ke nan. Sarki biyu gare ku tun shekara ɗari biyu ba wanda ya ji bakinku, amma kun fi kowa yi mana dariya.

Bazazzagi_Na_Gaske: Mu namu kowa da garinsa. Ku kuwa gari ɗaya, fada biyu. Bawa ba ya gasa da ubangidansa.

Bakano_Dei_Dei: Za mu haɗu a kasuwa, zan ga wanda zai ba ka bashi.

Shekwolo_Kuje: Da izinin Baba Dattijo, akwai abin da zan ƙara. Ana maganar Abuja kamar daji ne aka share aka sa bulo. Kafin 1976 akwai mu: Gbagyi, Gade, Gwandara, Koro, Bassa, Ganagana da sauransu. Kuma don Allah Gbagyi muke, a riƙa faɗa daidai. Muna da sarakunanmu da sunayensu: Gomo na Kuje, Aguma na Gwagwalada, Etsu na Kwali, Sa'peyi na Garki, Agora na Zuba, Ona na Abaji wanda shi ne shugaban majalisar sarakunan birnin. A Bwari ma akwai Esu, akwai Sarki. An yanko ƙasar nan daga Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci. Kakana ya kwanta yana da gwamna, ya wayi gari ba shi da shi, kuma bai matsa ko taki ɗaya daga gidansa ba. Ɗan_Karmo, kai in abin ya ishe ka kana da jihar da za ka koma ka tsaya takarar gwamna. Ni ɗana duk ƙoƙarinsa, in dai a gida zai tsaya, ƙarshensa sanata.

Ɗan_Karmo: Wallahi ɗan'uwa wannan gaskiya ce. Taku ta fi tamu ciwo.

Sadiya_Kubwa: Ni abin da yake ɗaure min kai, duk waɗannan da ya lissafa a rediyo sarki ake ce musu. Na Saudiyya sarki, na Ingila sarki, na Kano sarki, mai yanka nama a kasuwarmu ma Sarkin Fawa. Ta yaya yaro zai gane wa ya fi wa?

Malam_Tarihi: Malama Sadiya, Bahaushe bai taɓa ruɗewa a kan wannan ba, domin ba kalmar yake dubawa ba, abin da ya biyo bayanta yake dubawa. Sarkin Aska na wanzamai ne, Sarkin Maƙera na maƙera ne, Sarkin Kano na Kano ne, kowa da iyakar gonarsa. Tsarin ma a jere yake: mai unguwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci ƙarƙashin hakimi, hakimi ƙarƙashin sarki. Abin da ya sauya shi ne wanda yake saman sarkin. Kafin 1804 Sarkin Kano ko na Katsina ko na Gobir ba kowa a kansa, sai majalisarsa. Bayan jihadi, waɗanda Shehu Usmanu ya ba tuta, irin su Sulaimanu a Kano, Ummarun Dallaje a Katsina, Malam Musa a Zazzau, Yakubu a Bauchi, Buba Yero a Gombe, amirai ne, wato wakilan Amirul Muminina. Sakkwato ko Gwandu ce take tabbatar da naɗinsu, can suke kai gaisuwa, kuma ana iya tuɓe su. Talaka dai ya ci gaba da cewa sarki. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sai Gwamna da Razdan suka hau saman. Yau kuma gwamnan jiha ne yake miƙa sanda. Rawanin bai sauya ba, mai ba da shi ne ya yi ta sauyawa.

Alaramma_Gwagwa: Malam ya yi bayani. Ƙari kaɗan: malamai sun bambanta halifanci da mulukiya. Halifa ana yi masa mubaya'a a kan sharaɗin bin shari'a, mulukiya kuwa gado ce, ɗa ya gaji uba. Shi ya sa Shehu bai karɓi sunan Sarkin Gobir ba bayan an ci Alƙalawa. Sarkin Musulmi aka ce masa.

Modibbo_Lugbe: Mu a Adamawa Lamiɗo muke cewa, ba ruwanmu da wannan rikici. Barebari ne dai har yau ba su tsayar da magana ba, yau Mai gobe Shehu.

Yerwa_Boy: Bafulatani, koma wajen shanunka. Mai namu ya yi mulki ɗaruruwan shekaru kafin a san da ku. Amma tunda ka taɓo, labarin ya dace da tambayar Ɗan_Karmo. Da Shehu Laminu ya ceto Barno daga mutanenka, bai karɓi sunan Mai ba. Ya bar Mai a kan gadonsa da kakaki da fadawa, shi kuma ya zauna a Kukawa da sunan malami, amma dakaru da haraji suna hannunsa. Haka aka tafi har 1846, lokacin ɗansa Shehu Umar, sannan aka rufe babin sarautar Mai ta Saifawa. Shekaru masu yawa mai sunan daban, mai ikon daban.

Hajiya_Mai_Atamfa: Duk wannan tarihi ne. Ni bari in ba ku wanda na gani da idona. Na sayi fili a wata unguwa a bayan gari, ba zan faɗi suna ba. Aka kai ni gaban mai gari, yana zaune a kan kujera ƙarƙashin rumfar kwano, aka shimfiɗa mana tabarma. Na cire takalmi, na durƙusa na yi gaisuwa, aka kawo shaidu, magatakarda ya rubuta takarda da biro, ya hura wa hatimi iska ya danna, mai gari ya sa hannu. Na ba da goro, na ba da na shaidu. Na yi ɗaki biyu da shago. Wata safiya yarona ya kira ni, wai an zo an shafa jan fenti a bango, an rubuta kwanan wata. Na ɗauki takardata a cikin leda na tafi wajen masu rusau. Wani yaro da bai kai ɗana ba ya karɓa, ya juya gaba ya juya baya, ya miƙo min ya ce, "Hajiya, wannan ba takarda ba ce." Na koma wajen mai gari, ya ce in yi haƙuri, shi ma gidan ƙanensa yana cikin layin. To ku masu ilimi ku gaya min, tsakanin mai hatimi da mai jan fenti wane ne sarki?

Ummu_Khalil: Innalillahi. Allah ya mayar miki da alheri Hajiya.

Barista_Garki: Allah ya mayar da alheri. Don Allah jama'a ku ji wannan da kyau: a Abuja ƙasa gaba ɗaya ta gwamnatin tarayya ce tun dokar 1976. Takardar mai gari shaida ce cewa kin ba wani kuɗi, ba shaidar mallaka ba ce. Ko a jihohi ma, dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna ne.

Shekwolo_Kuje: Barista, ka faɗi doka daidai. Amma ka sani mai garin nan kakanninsa ne suke raba gona a wurin tun kafin a haifi wanda ya rubuta dokar. Ban ce a cuci baƙo ba, masu sayar da fili ɗaya ga mutum uku suna nan kuma muna jin kunyarsu.

Malam_Tarihi: Tambayar Hajiya ita ce zuciyar maganar. A zamanin En'e sarki yana da kotu, yana da 'yan doka, yana da gidan yari, yana da baitulmali. Hakimi ya zo gari karɓar haraji ko jangali, kowa ya shiga taitayinsa. A ƙarshen shekarun 1960, zamanin Gowon, aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe sauran, ya miƙa wa ciyaman. A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. A Jamhuriya ta ɗaya akwai Majalisar Sarakuna a Kaduna, da ita ake yin doka. Ku buɗe tsarin mulkin 1999 ku nemo aikin da aka ba sarki. Babu. Ni ma'aunina biyu ne in ina so in san mai mulki a ko'ina: wa yake riƙe da kuɗi, kuma wa zai iya cire wa.

NEPU_Sawaba: Kuma alhamdu lillahi da aka karɓe. Kada a zo nan ana yi mana kukan zamanin En'e. Ku tambayi tsofaffin da aka ɗaure don sun ƙi cire takalmi, ko don an gan su da katin jam'iyyar Malam Aminu. Tun 1950 ake wannan faɗa. Sarki ya yi hawan Sallah, ya sasanta ma'aurata, ya yi kiran rigakafi, mun gode. Amma bulala kada ta koma hannunsa.

Dattijo_Suleja: Ɗana, ban musa maka ba, an yi zalunci. Sai dai sarki na da ba shi kaɗai yake yanke magana ba. A Kano akwai Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta, su suke zaɓen sarki. Akwai Waziri, akwai alƙali, akwai malaman da za su faɗa masa gaskiya ya haɗiye. Yau wane kwamishina ne zai kalli gwamna ya ce masa a'a? Mu a Suleja mun ga abin ta fuska biyu a jikin mutum ɗaya. Mai Martaba Awwal Ibrahim shi ne gwamnan Neja daga 1979 zuwa 1983, soja suka kawar da su. Daga baya ya zama sarki, aka cire shi, aka dawo da shi a 2000. Ya riƙe alƙalamin da ake naɗa sarki da shi, kuma alƙalamin ya bi ta kansa.

NEPU_Sawaba: Baba, gwamna dai shekara takwas ce iyakarsa, kuma majalisa tana iya tsige shi, an yi wa Balarabe Musa a 1981. Sarki fa sai mutuwa.

Bakano_Dei_Dei: Sai mutuwa a ina? Sanusi na ɗaya 1963. Sarkin Musulmi Dasuƙi 1996. Jokolo na Gwandu 2005. Sanusi na biyu an cire shi a 2020, an dawo da shi a 2024. A 2019 aka wayi gari Kano ta zama masarauta biyar, aka ƙara Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, wata majalisar ta zo ta rushe dokar. Yanzu kujerar sanata ta fi ta sarki tabbas.

Admin_Sani: Jama'a a yi hattara, maganar masarautar Kano ta taɓa raba mana zaure. A tsaya a kan tsarin mulki, ban da zagin kowa.

Sadiya_Kubwa: To tunda ana gyara mana, wa ake ce wa Mai Martaba, wa ake ce wa Mai Girma? A wani taron saukar karatu mai gabatarwa ya ce wa ciyaman Mai Martaba, sai na ga dogarin hakimi ya haɗe rai.

MC_Ɗan_Asabe: Wannan fagena ne Anti. Mai Alfarma na Sarkin Musulmi ne shi kaɗai. Mai Martaba na sarkin yanka ne. Mai Girma kuwa ya yi yawa: shugaban ƙasa, gwamna, minista, hakimi, har ciyaman. Alƙali Mai Shari'a. Kansila da ɗan majalisa Honarabul, kuma ko ya faɗi zaɓe sunan ba ya faɗuwa. Wahalar aikinmu ba sunan ba ce, jerin ne. In ka kira ciyaman kafin sarki fadawa su harare ka, in ka kira sarki kafin ciyaman 'yan siyasa su ce ba ka san aiki ba. Ni dabarata in fara da wanda ya biya kuɗin rumfa.

Ɗalibi_Gwagwalada: Ina ganin muna cakuɗa abu biyu. Akwai tambayar wa yake kan kujera, akwai tambayar yaya aka tsara ikon. Ingila sarki gare ta, Charles na uku tun 2022, amma firaminista da majalisa ne suke mulki. Saudiyya sarki gare ta kuma shi ne mai yanke magana. Dukansu mulukiya, amma ba su yi kama ba. Katar da Kuwait amir suke cewa, Oman da Burunai sultan. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa masarautu bakwai ne suka yi tarayya. Maleshiya ma abin ya fi ban sha'awa, sarakuna tara ne suke karɓa-karɓa, kowa shekara biyar. A ɗaya gefen kuma jamhuriya tana nufin shugabancin ƙasa ba gado ba ne, amma Koriya ta Arewa jamhuriya take kiran kanta, kuma daga kaka sai ɗa sai jika. Mu kanmu daga 1960 zuwa 1963 Sarauniyar Ingila ce shugabar ƙasarmu a takarda, Azikiwe yana wakiltarta a matsayin Gwamna Janar, Tafawa Ɓalewa yana riƙe da gwamnati. Sai 1 ga Oktoba 1963 muka zama jamhuriya.

Injiniya_Bello: Kuma wancan tsarin na firaminista ya fi mana. Arha gare shi. Minista dole ya fito daga cikin zaɓaɓɓun majalisa, kullum yana gabansu yana amsa tambaya. Da shi muke bi, ministan Abuja da Ɗan_Karmo yake kuka a kai aƙalla da wata mazaɓa ce ta zaɓe shi. Tun 1979 muka kwaso tsarin Amurka, shugaba mai cikakken iko, kamfe a jiha 36, kuɗi kamar ba a san zafinsu ba. Ko a 2024 wasu 'yan majalisar wakilai sun kawo ƙudurin a koma.

Malam_Tarihi: Injiniya, tsarin da kake yabo shekara nawa ya yi? Rikicin Yamma, rikicin ƙidaya, zaɓen 1964, sai 15 ga Janairu 1966. Kuma ka leƙa Togo. Gida ɗaya ne yake mulki tun 1967. A 2024 suka sauya tsarin mulki zuwa na majalisa, a 2025 shugaba Faure ya sauka daga kujerar shugaban ƙasa ya koma shugaban majalisar ministoci, ikon ya bi shi can. An sauya wa tuwo suna ne kawai.

Injiniya_Bello: Togo ba hujja ba ce. Me ya sa ba ka kawo Indiya ba, da suke kan tsarin tun samun 'yanci?

Sojan_Gobe: Duk ku bar wannan dogon Turanci. Soja ne maganin ƙasar nan. Wa ya ƙirƙiro jihohi? Soja. Wa ya yanke shawarar Abuja? Murtala. Wa ya tare a cikinta a 12 ga Disamba 1991? Babangida. Farar hula da su ne har yau ana kwamiti. Ku dubi Nijar.

Ɗan_Damagaram: Ɗan'uwa, mu da muke da 'yan'uwa a can a bar mu mu faɗa. Tun 26 ga Yuli 2023 da aka kifar da Bazoum, akwai masu murna akwai masu kuka, ban zo raba gardama ba. Abu ɗaya zan ce: farar hula in ya gundure ka kana ƙirga ranar zaɓe, soja kuwa shi yake faɗa maka ranar da zai tafi, kuma shi yake ɗaga ta. Game da sarauta, a wajenmu Sultan ake ce wa na Damagaram da na Agadas a takardar gwamnati, amma a bakin mutane Sarkin Damagaram ne.

NEPU_Sawaba: Sojan_Gobe, shekarunka nawa a 1995? Amsa wannan kafin mu ci gaba.

Ɗalibi_Gwagwalada: Ko su sojan sun san suna yana da aiki. Gowon da Murtala da Obasanjo da Buhari ba su kira kansu da laƙabin zaɓaɓɓen shugaba ba, Babangida ne ya fara a 1985. Da ya matsa gefe a 1993 ya bar wa Shonekan gwamnatin riƙon ƙwarya, ba ta kai wata uku ba Abacha ya karɓe. Kuma kada a manta Ironsi da dokarsa ta 34 a 1966, da ya soke tarayya ya ce ƙasa ta zama dunƙulalliya. Abin da ya biyo baya kowa ya sani.

Ummu_Khalil: Ni dai na lura tun ɗazu ba a ambaci mace ko ɗaya ba sai Sarauniyar Ingila. Ina Daurama? Ina Amina ta Zazzau? Ina sarautun Magajiya da Iya? Zagezagi kun yi shiru.

Bazazzagi_Na_Gaske: Hajiya ai ba ma alfahari da abin da kowa ya sani. Ganuwar da ta gina ma ta isa, har Kanawa sun kawo gaisuwa.

Ɗan_Karmo: Jama'a an kai ni Maleshiya an dawo da ni Togo, har yanzu ban ji sunan mulkin da ake yi wa mutumin Karmo ba. Na bi ma'aunin Malam_Tarihi: kuɗi suna hannun minista, fili yana hannun minista, kuma ni ba zan iya cire shi ba. Barista ya ce shugaban ƙasa ne gwamnana. To a 2023 Abuja wani ta zaɓa, ƙasa ta zaɓi wani. A wace jiha ake haka, mutanen jiha su zaɓi wani a rantsar da wani?

Barista_Garki: Wannan tambaya ce mai kyau, kuma ba ni da sashen da zan ba ka a kanta. Kotun Ƙoli ma a shari'ar zaɓen 2023 cewa ta yi ƙuri'ar Abuja ba ta fi ta kowace jiha ba, a kan maganar ko dole ne ɗan takarar shugaban ƙasa ya samu kashi 25 na ƙuri'un Abuja. Amma kada ka raina abin da kake da shi. Ƙananan hukumomi shida, AMAC (ta cikin birni), Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali, Abaji, INEC ce take yin zaɓensu, ba hukumar zaɓen jiha ba. Shi ya sa a nan kake ganin jam'iyyar adawa ta ci ciyaman. Je jihohi ka gani, jam'iyyar gwamna take cinye duka, in ma an yi zaɓen. Sai da Kotun Ƙoli ta ce a Yulin 2024 kantomomin riƙo a ƙananan hukumomi haramtattu ne. Abin takaicin, ranar zaɓen ciyaman a Abuja rumfunan cikin gari fayau suke, mutanen ƙauyuka ne suke fitowa.

Shekwolo_Kuje: Mu muke fitowa domin ita kaɗai ce kujerar da ta rage mana. Abin da muke nema a ba birnin zaɓaɓɓen shugaba da majalisarsa. A kira shi gwamna, a kira shi magajin gari, ba mu damu ba. Landan tana da shi. Washintan ma tana da shi, duk da su ba su da sanata.

Modibbo_Lugbe: Magajin gari kuma? Sakkwatawa za su ce an sace musu sarauta.

Injiniya_Bello: Matsalar da za a kawo muku ita ce tsaro. Za a ce shugaban ƙasa ba zai zauna a garin da ɗan adawa yake riƙe da shi ba. Kuma wa zai tsaya takarar? 'Yan asali kaɗai ko duk mazauni? In duk mazauni ne, Shekwolo, yawan baƙi zai rinjaye ku, ku koma inda kuka fito.

Shekwolo_Kuje: Mun san da haka. A fara ba da kujerar tukuna, sannan mu yi wannan musun.

Hajiya_Mai_Atamfa: Barista, ni tambayata ta ƙarshe. In na samu takarda daga ƙaramar hukuma maimakon ta mai gari, ta wadatar?

Barista_Garki: A'a Hajiya, kada ki biya ko kwabo tukuna. A Abuja ciyaman ma ba shi da ikon ba da fili. Ki karɓi lambar fayil ɗin, a je AGIS, ofishin rajistar filayen Abuja, a bincika sunan wa yake kai, kuma ki tafi da lauya ko wani naki da ya san aikin, ba ɗan kamashon da ya kawo miki filin ba.